Langar Tashi da Gonar Gammo

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ka ka sauka lafiya, mota ba ta ba ku wahala a hanya ba. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki a Abuja, ya raba ka da mai yi maka murmushi yana auna aljihunka. Innarka da ƙannenka ba su san na rubuta ba. Na ninke ta ne na sa a cikin tsohuwar langar nan mai murfi da za ka tarar a ƙasan jakarka, wadda na san za ka yi tsaki ka ce wa ya cusa maka tarkace. Ni na cusa. Kada ka jefar da ita sai ka kai ƙarshen takardar.

Ka san ni da kai ba ma iya doguwar magana. Sunan mahaifina gare ka, in na zaunar da kai zan yi maka faɗa sai in ji kamar tsohon ne yake kallona, bakina ya yi nauyi. Shi ya sa na ɗauki biro.

Maganar gonar Gammo ce. Ka ce otal ɗin da ya ɗauke ka aikin kai wa baƙi abinci ba ya ba da wurin kwana, dole ka kama ɗaki ka biya kuɗin shekara, ka kuma ɗinka kayan aiki da kanka. Ka ce za ka raɓa wurin abokinka mako biyu ka ga kamun ludayin wurin, sannan ka kira Baffanka Sale a waya ka ce masa ya sayar da gonar ko ya bari. Mai saye yana nan yana jira, ya ce ko da masarar da ke cikinta zai ɗauka. Gonar taka ce, ba ni da ikon hana ka. Ranar da ka faɗi albashin da za su ba ka, Innarka saura kaɗan ta rangaɗa guɗa, ni kuwa ka ga na yi shiru, ƙila ka ɗauka baƙin ciki nake don ban taɓa karɓar kwatankwacinsa ba. Ba haka ba ne. Tsoro na ji, domin na taɓa jin daɗin irin wannan lamba, kuma na san inda ta kai ni.

Lokacin da na bar Gammo na zo Gwarzo aikin kuku a gidan saukar baƙin Alhaji, gari yana da kuɗi. Masu aikin hanya sun kama ɗakuna na watanni, ma'aikata suna zuwa bita, 'yan siyasa suna shiga da fita da tawaga. Kafin azahar tukunyar farfesu ta ƙare, sai an ɗora wata. Alhaji ya ƙara mana albashi har sau biyu ba wanda ya roƙe shi, baƙo kuma ba ya tashi daga tebur bai ajiye maka na goro ba. Kaina ya kumbura. Na je na sayar da gonar da mahaifina ya yanka mini, na sayi babur da filin da na gina ɗakunan nan biyu da aka haife ka a ciki. Da na je gaya wa tsohon, yana zaune yana gyara ƙotar fartanya, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, “Isiyaku, baƙin nan da kake dafa wa, akwai wanda ya ce maka zai dawo baɗi?”

Na ce, “Baba, duniya ta canza, yanzu albashi ake ci.”

Ya ce, “To, Allah ya sa albarka.”

A haka muka rabu. Amma da aka haife ka, ya tara liman da mai unguwa ya ce gonar da ta rage masa ya ba takwaransa, ba uban yaron ba, domin uban in ya ga sabuwar takardar kuɗi mantawa yake da hanyar gida. An yi dariya, ni ma na yi, amma na daɗe ina jin zafin maganar. Yanzu kuwa kullum sai na yi masa addu'a a kanta.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, kuɗin da yake shigowa otal rarar kuɗin mutane ne. Ba wanda yake kwana a gidan baƙi ko ya sayi farfesun kaza sai ya bar hatsi a gidansa tukuna. Saboda haka mu masu wannan aiki kamar fangalin ƙarshe muke a lambu, ruwa ba ya iso mu sai ya ƙosar da kowa, in kuma ya fara ja baya mu ne farkon bushewa. Masu aikin hanya suka gama suka tattara motocinsu, zaɓe ya wuce, aka bar mu da tsintsiya da ɗakuna. Don haka in ka ga otal ɗinku cike, kada ka tsaya ƙirga motocin da ke harabar. Ka tambayi kanka su wane ne waɗannan baƙi, kuɗin wa suke kashewa, kuma me zai dawo da su baɗi. In kuɗin taro ne ko na kakar siyasa, to ka ci abincinka ka yi godiya, amma kada ka sayar da ƙasa a kansa.

Wancan kuskure ni kaɗai ya ci. Wanda zan gaya maka yanzu mutum tara ya ci, kuma shi ne dalilin langar.

A gidan Alhaji akwai wata al'ada da na tarar, muna ce mata langar tashi. Kowane ma'aikaci, daga mai gadi har mai wankin zanin gado, yana zuwa da langarsa da safe ya ajiye a kan kantar kicin. In an tashi aiki ni nake cika su daga tukunyar ranar, shinkafa ko tuwo da miya, a ɗora ƙanzo, ranar da aka yi sa'a har da tsoka ɗaya. Ba ragowar faranti ba ce, da su ake auna girkin tun farko. Ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma kowa ya san rabin ladan aikinsa a cikin langar nan yake. Da ita kuka girma. Kai ne ma mai tarar ta a ƙofar gida, ka buɗe murfin tun kafin in kafe babur.

Ni kuwa kunyarta nake ji. In na ɗaure ta a bayan babur na biyo ta kasuwa, sai abokai su ɗaga murya, “Ga na Alhaji, yau me baƙi suka rage mana?” Wasa suke, amma yana sukata. Mutum da gemunsa, a ce kullum yana tafe da kwanon abinci kamar an aike shi.

Wata rana Alhaji ya kira ni ofis, ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya miƙo mini farar hula doguwa irin ta manyan otal, ya ce daga yau ni ne shugaban kicin. Sannan ya ce, “Malam Isiyaku, wannan harkar langa ta ƙauyanci ce. Ni so nake in mayar da ita kuɗi in ɗora a kan albashin kowa, kowa ya je ya sayi abin da ransa yake so. Kai ne babba, ka yi musu magana.” Ya faɗi abin da zai ƙara. Na auna a zuciyata, na ga a ranar kuɗin zai sayi abin da ya fi cikin langa har da canji. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa mutumin da yake sayen shinkafa buhu-buhu, wanda ya fi ni sanin inda kasuwa ta dosa, yake so ya daina ba da shinkafa ya koma ba da takarda ba.

Na tara ma'aikata a gindin darbejiyar bayan kicin, da hulata a kai. Kowa ya washe baki, sai mutum ɗaya. Ka tuna Maman Talatu, 'yar Filato ɗin nan mai haɗa mana miya, wadda mijinta malamin makaranta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, mai aiko muku da cincin in sun yi Kirsimeti. Ta goge hannu a zani ta ce, “Malam Isiyaku, ni ban yi boko mai nisa ba, tambaya ɗaya zan yi. In shinkafa ta tashi, kuɗin nan zai tashi ya bi ta? Ita langa ko buhu ya kai nawa, girmanta ɗaya ne.”

Na ce, “Haba Maman Talatu, mu fa ma'aikata ne, ba mabarata ba. Har yaushe za mu yi ta yawo da kwano a gari?”

Ta ce, “Ni dai yarana ba su taɓa tambayata kunyar kwano ba, abin da ke ciki suke tambaya.”

Aka yi mata caa. Ni ma na sha kunu na ce in kowa ya yarda ita kaɗai ba za ta hana ba. Suka bi ni domin sun ɗauka wanda ya fi kowa daɗewa a bakin murhu ya fi kowa sani. Na koma na gaya wa Alhaji an amince, ya yi mini godiya har da dafa kafaɗa.

Wata biyu na farko mun ji daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba. Daga nan kaya suka fara hawa. Ƙarin da yake sayen abincin gida na wata ya koma na rabin wata, ya koma na mako. Da kuɗin mai ya tashi, sai ya zama ko manja da barkono ba ya ɗauka. Albashinmu a takarda bai taɓa raguwa ba, har an ɗan taɓa shi sama sau ɗaya, amma ledar da nake shigowa da ita gida kullum ƙara sauƙi take a hannu. Ka tuna lokacin da Innarka ta fara cewa ba ta jin yunwa da rana. Ni ina tsaye a kan tukunyar dafa-duka tun safe, ƙamshi yana dukan hancina, na san a gidana kunu aka sha.

Wata ranar Laraba na shiga bayan kicin na tarar da Maman Talatu tana kankare ƙanzo tana zubawa a baƙar leda. Ƙanzo, Abba, abin da da muke ba awaki in ya yi yawa. Manaja ya gani, ya ce tun da an soke langa, duk abin da ya fita daga kicin sata ne, kuma ni ne shugaba, ni zan gaya mata ta ajiye aiki. Na je wurin Alhaji na roƙa, ya ce ba ya shiga aikin manaja. Da na dawo ta riga ta ɗaure kayanta. Na matso kusa da ita zan buɗe baki.

Ta ce, “Kada ka wahalar da bakinka, na ji. Ba na fushi da kai, Malam Isiyaku. Abin da yake ba ni mamaki, kai da ka fi kowa sanin nauyin ludayi, yaya aka yi ka yarda aka auna maka shi da takarda?”

Ba ta kai ƙarshen zangon karatu ba ta cire yaran daga makaranta ta koma garinsu. Ban sake jin labarinta ba. Shekara nawa ke nan, amma duk ranar da na kankare tukunya sai na ji muryarta. Na nemi gafarar Allah, ita dai ban samu na nemi tata yadda ya kamata ba.

Don haka in ka shiga wurin nan, kada lambar da suka faɗa maka ta rufe maka ido. Ka tambaya ko suna ciyar da ma'aikata, sau nawa a rana, kuma a rubuce yake ko alheri ne da za a iya janyewa gobe. Kada ka tambayi manaja, shi aikinsa ya ce komai lafiya. Ka nemi wanda ya fi kowa daɗewa a wurin wanke-wanke, ka gaishe shi da ladabi, ka saya masa ruwan sanyi, ka ce, “Baba, ranar da ka fara aiki mudu nawa albashinka yake saya, yau kuma nawa?” Amsarsa ta fi duk takardar da za su sa ka sa hannu a kai. Ka dubi takalman ma'aikata, ba kayan da aka ɗinka musu don idon baƙi ba. Duk ranar da aka ce za a mayar muku da abinci ko ɗaki ko magani kuɗi, ka ce a'a, ko kai kaɗai ne, ko za a yi maka caa. In kuma aka ba ka hula aka ce ka je ka lallashi 'yan'uwanka, ka ajiye musu hularsu a kan tebur.

Akwai kuma zaman da na yi bayan na ga alamu. Mu a kicin ba ma buƙatar rediyo ta gaya mana gari ya yi zafi. Da farko baƙo zai daina barin na goro. Sai ya fara tambayar farashi kafin ya zauna. Sai ka ga babban mutum da malum-malum ya ce a ba shi rabin faranti ba nama, wai likita ya hana shi. Manaja ya ce in riƙa raba tsoka biyu, daga baya uku, har wuƙa ta rasa abin kamawa. Masu biki da suke kama zauren taro da girki suka koma kama zaure kawai, su zo da abincinsu a kula. Sai aka ce mana albashin wata ya ƙare, yanzu ranar da ka yi aiki ita za a biya ka, yau ka zo, gobe ka huta. Sai bayan watanni masu ilimi su hau rediyo su ce tattalin arziki ya shiga wani hali, mu da muka riga muka ga halin a cikin faranti.

Duk na ga wannan, na zauna. Baffanka Sale ya zo har gida ya ce in dawo Gammo mu haɗa hannu tun ina da sauran ƙarfi, na ce shugaban kicin guda ba zai koma duƙe ba. Kullum ina cewa bari a ga bayan salla, bari a ga bayan girbi. Kai kada ka yi haka. Ranar da ka ga an fara raba tsoka, ka fara neman ƙofa. In albashi ya yi wata biyu yana tafiyar hawainiya, kada ka jira na uku don an ce maka kai ɗan gida ne. Ni ma ɗan gida ne, shekara ashirin da bakwai.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba sai Baffanka. Mako uku ke nan da Alhaji ya rufe gidan. Ya kira mu ya ce ba ya fita, ya yi mana addu'a, ya ba kowa abin da ya ba shi. An kwashe gadaje, ɗakunan da nake aika wa baƙi shayi yanzu buhunan masara da waken suya ne a ciki har rufi, ya ce ajiyar hatsi ta fi ajiyar mutane riba. Ban ga laifinsa ba, shi dama tun ranar langa ya san abin da ya fi takarda daraja.

Kullum da safe ina sa hular a aljihu in fita kamar mai tafiya aiki. Ba otal nake zuwa ba. Gammo nake tafiya, in karɓi fartanya wurin Baffanka, mu shiga gonarka. Bayana ba ya ɗaukar noman kunya uku sai na miƙe na huta, hannun da ya saba da ludayi duk ya yi kanta. Innarka ba ta ce komai ba, amma matar da ta yi shekaru tana wanke riga mai warin hayaƙi ba za ta kasa gane jar ƙasa a bakin wando ba. Jiya na tarar ta ajiye mini man zafi a kan tabarma. Tuwon da ka ci daren sallama, masarar bara ce ta gonar nan, wadda za mu ci baɗi ma in da rai ita ce take tsaye a cikinta yanzu.

Na so in gaya maka baki da baki, na kasa. Na ji tsoron ka fasa tafiya don tausayina, ka zauna a Gwarzo kana zaga tasha ba aikin fari ba na baƙi, ka riƙa kallona kana tuna ni na tare maka hanya. Na kuma san rubuta maka da na yi ɗora maka kaya ne, wanda ya kamata a ce ni na ɗauka. Ka yafe mini. Ba zan ce maka in ka bar gonar za mu wadata ba, taki ya fi ƙarfinmu, kuma gona ɗaya ba ta riƙe gida irin namu har shekara ta zago. Ba zan ce maka in ka sayar za ka taɓe ba, wataƙila kai Allah ya buɗa maka abin da bai buɗa mini ba. Na duba gabas na duba yamma, wallahi ban ga hanya mai kyau da zan nuna maka ba. Abin da na sani kawai, sau biyu ina ba da abin da ake ci in karɓi lamba, sau biyun kuma na yi kuka.

Langar da ke hannunka ita ce tawa. Tun ranar da muka zauna a gindin darbejiya ba a sake zuba komai a cikinta ba. Ranar da ka fara aiki, in an tashi, ka ɗauke ta ka shiga kicin ɗinsu ba tare da jin kunya ba, ka miƙa wa mai rabon abinci. Ka ga abin da zai yi. Ko ya cika maka, ko ya yi dariya, ko ya kira manaja. Ka yi haka kwana uku, ka yi hira da tsohon wurin wanke-wanke, ka yi istihara, sannan ka kira Baffanka.

Ko me ka yanke, ba zan yi maka baki ba, albarkata tana tare da kai duniya da lahira. Wanda ya sayar da abincin gida tara da bakinsa ba shi da fuskar da zai tsine wa ɗansa a kan gona ɗaya. Ba sai ka neme ni a waya ka yi ta kame-kame ba. Ka kira Baffanka da hantsi, lokacin muna gona. Ina nan gefensa riƙe da fartanya, zan gane amsarka a fuskarsa, in ci gaba da noma ko in miƙa masa kayansa.

Ka riƙe salla a kan lokaci ko da tire a hannunka, ka nemi izini ka je. Kada ka ɗauki abin baƙo ko allura ce. Ka riƙa kiran Innarka, amma kada ka nuna mata ka sani, ka bar ni in gaya mata da kaina in na samu ƙarfin hali. Allah ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin gari, ya sa gumin da za ka zubar ya sayi abin da zai ƙosar da kai, ya hana ka ganin ranar da za ka dafa wa wasu alhali naka suna jira. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ko gonar tana nan ko ba ta nan.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isiyaku